Hadari ya haɗo, gabana na faɗuwa: ku yaya kuke yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai na kasa haƙuri. Bara ruwa ya shigo mana gida da tsakar dare, kafin in gama tayar da yara ya kai min gwiwa. Allah ya fitar da mu dukkanmu. Amma kwana tara bayan haka, a inda muka fake, autana ya kamu da amai da gudawa, a yini ɗaya na ga idanunsa sun faɗa. Ya warke, alhamdu lillahi, ni ce ban warke ba. Yanzu da na ga hadari ya haɗo sai gabana ya shiga faɗuwa. In na ɗauki waya kuma ba abin da nake gani sai annoba a can, girgizar ƙasa a nan. Me mutum zai yi ya kare iyalinsa ba tare da ya ƙare rayuwarsa cikin firgici ba? Kuma ku da kuka ga irin wannan, daga ina kuka samo ƙarfin zuciya?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah ya kiyaye gaba, ya raya miki zuri'a. Abin da kike ji ba raunin imani ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni korona ce ta ɗauke min maigida a 2020. Ban tsaya a kansa ba, ban riƙe hannunsa ba, ta waya aka gaya min. Na yi wata huɗu ko ƙarar motar asibiti na ji sai jikina ya ɗau rawa. Zan ba ki labarin abin da ya taimake ni, amma bari masu ilimin lafiya su fara, don tsoro yana raguwa in mutum ya san abin da zai yi da hannunsa.

Sista Rabi: Maman Ilham, sannu da ɗawainiya. Shekarata 22 ina aikin jinya, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne yaron da aka kawo a makare saboda gudawa, alhali maganin da zai riƙe shi yana nan a gidan. Kwalara ba ƙwayar cutar ce ke kashewa kai tsaye ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Babba ma tana iya kayar da shi cikin sa'o'i. Amma in ana mayar da ruwan da ke fita a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

Ku rubuta wannan ku liƙa a bango: ruwa mai tsabta lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. In akwai ƙunshin da aka riga aka haɗa na kemis ya fi, don awonsa daidai ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi duk lokacin da ya yi gudawa, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa cikakke. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba da cokali, kaɗan-kaɗan. Mai shan nono kada a janye masa. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Amma in yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi yana ta barci, ko fitsari ya ɗauke, ko kin ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, wannan ya wuce gida. A kama hanyar asibiti ana ɗura masa a hanya.

Abu mai sauƙi haka sai mutum ya raina shi. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan ganguna, dangin marasa lafiya da kansu ke ɗiba suna ba su. Mutuwa ta sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Iyaye mata da 'yan uwa ne suka yi aikin, ba ƙwararru ba.

Maman Ilham: Anti, wallahi da na san awon nan a daren nan da ban zauna ina kuka ina jiran gari ya waye ba. Na kwafa yanzu.

Usman D.: Allah ya saka da alheri Sista. Amma ni abin da aka turo min shi ne, bayan ambaliya ko girgizar ƙasa gawarwaki ne ke haddasa annoba, shi ya sa dole a haƙa rami ɗaya a binne su da gaggawa. Haka ne?

Sista Rabi: Ba haka ba ne Malam Usman, kuma na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka tura gaba. Wanda ruwa ya ci ko gini ya danne rauni ne ya kashe shi, ba cuta ba, gawarsa ba ta haifar da annoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata wannan. Binne mutane a rami ɗaya ba a tantance su ba yana barin iyalai shekara da shekaru ba su san inda nasu yake ba, wannan ma wani ciwo ne. Inda ake taka-tsantsan shi ne wanda cuta irin Ebola ko kwalara ta kashe. A Ebolar Afirka ta Yamma ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, taɓa gawa na cikin manyan hanyoyin da ta yaɗu. Don haka tambayar ita ce me ya kashe mutumin. Abin da ke kawo cuta bayan bala'i shi ne rayayyu sun cunkushe wuri ɗaya, ruwan sha ya gauraya da bayan gida.

Injiniya Kabiru: Nan ne fagena, bari in ɗora. In ruwa ya malale unguwa, masai da kwata da rijiya duk sun zama abu ɗaya. Rijiyar da kuka sha shekara ashirin lafiya, daga ranar ta zama abin zargi, ko da ruwanta ya yi garau a ido. Ƙwayar cuta ba ta sauya launin ruwa. A Landan a 1854 mutane na sha daga wani famfo a titin Broad suna yaba ruwansa, likita John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga waɗanda kwalara ta kashe, ya ga mafi yawansu a kewayen famfon suke, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. A Haiti kuma, bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, kwalara ta ɓulla a Oktoba ta hanyar kogin da ƙazanta daga sansanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga, ta kashe kusan mutum 10,000. A 2016 Majalisar ta nemi gafarar mutanen Haiti.

Abin yi: a tafasa ruwa har ya yi ɓulɓul na minti 1 cikakke. In ba makamashi, ƙwayar kulorin ta tace ruwa, a bi awon da ke jikin takardar, a jira minti 30. In ruwan ya yi dauɗa a fara tace shi da kyalle mai tsabta, don kulorin ba ya aiki sosai a gurɓataccen ruwa. In duk babu, a cika farar gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana tsawon awa 6, in akwai gajimare kwana 2. Sannan abin ɗiba ya zama mai mariƙi, kada hannu ya shiga randar.

Sai abubuwa uku da ke kashe mutane bayan sun riga sun tsira. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu da kaɗan, santimita 15, yana iya kayar da ƙato, santimita 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota. Na biyu lantarki, a kashe daga babban makunni kafin ruwa ya iso, in ya riga ya iso kada a taɓa. Na uku janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, iyali guda kan kwanta ba su farka ba.

Baba Audu: Duk na ji ku yara. Amma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Wanda kwanansa ya ƙare ko a cikin kwalba ka sa shi sai ya tafi. Ni dai addu'a na riƙe.

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara girma. Addu'a kam makami ce, ba mai musu. Amma ka san wannan maganar an taɓa yin ta a gaban Sayyidina Umar. Yana hanyar Sham, ya iso Sarg, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kai su kiwo ai da ƙaddarar Allah ne. Sai Abdurrahman bin Auf ya zo ya ce ya ji Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Wannan ai shi ne killacewar da likitoci ke faɗa yau. Tafasa ruwan ma Baba, ƙaddara ce mai kyau.

Baba Audu: Na karɓa Malam. Ban ce a zauna ba, na ce kada a manta da Mai shi.

Sadiq: Ku yi min haƙuri iyayena, zan faɗi abin da ke raina ko da zai yi ɗaci. Duk lokacin da aka yi bala'i sai a zo mana da "ku shirya jakar gaggawa, ku koma tudu, ku kyautata zato". Wanda bai da na yau da me zai cika jaka? Wanda ya gina a bakin kwari ba don yana son kallon ruwa ba ne, nan ne kawai ƙarfinsa ya kai. Ku duba Darna a Libiya, Satumban 2023: madatsun ruwa biyu suka fashe da dare, fiye da mutum 4,000 aka tabbatar sun mutu, dubbai ba a gan su ba har yau. Masana sun yi gargaɗi tun kafin lokacin cewa madatsun na buƙatar gyara. Ku duba Turkiyya da Siriya, 6 ga Fabrairun 2023, sama da mutum 50,000. Girgiza ba ta kashe mutum a fili, gini ne ke kashewa, kuma gine-gine da yawa an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Sai a kira shi bala'i daga sama, a rufe magana. Ni ina ganin wannan kyautata zaton da ake koya mana wani lokaci hanya ce ta sa talaka ya yi shiru.

Hajiya Binta: Ɗana, fushinka na da tushe, ba zan ce ka haɗiye shi ba. Amma baiwar Allah nan tambaya ta yi don daren yau, ga hadari a kanta ga yara a gabanta.

Sadiq: Na sani Hajiya, ban raina damuwarta ba. Tsorona kada a ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Injiniya Kabiru: Sadiq, rabin maganarka ni ma tawa ce, aikina ya nuna min. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mafi yawan yoyon nan sakaci ne, ba ruwan sama ba. Amma bari in ba ka misalin da ya goyi bayanka kuma ya saɓa maka a lokaci guda.

A Nuwamban 1970 guguwar Bhola ta faɗa yankin da yanzu ake kira Bangaladash, ta kashe aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta kashe kusan 140,000. A 2007 guguwar Sidr, mai ƙarfin gaske ita ma, ta kashe fiye da 3,000. A Mayun 2020, ana tsakiyar korona, guguwar Amphan ta zo, aka kwashe sama da mutum miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka mutu a ƙasar 'yan gommai ne. Tekun bai sauya ba, ƙasar ba ta zama mai arziki dare ɗaya ba. Me ya sauya? Gefe ɗaya naka ne: hukuma ta gina dubban mafaka masu hawa, a sauran ranaku makarantu ne, aka inganta hasashen yanayi. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, sai an matsa wa masu mulki. Ɗaya gefen kuma 'yan sa-kai ne, dubun dubatarsu, manoma da masunta da malaman makaranta, tun daga shirin da aka kafa a 1972. Su ke bin lungu da lasifika da tutoci, su ke ɗauko tsohuwa da mai ciki. Sanarwar rediyo ba ta ɗaga tsohon da ba ya ji daga kan gadonsa, sai wanda ya san ƙofarsa. A 1991 mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba, da yawa suna gida da yara suna jira, shi ya sa daga baya aka shigar da mata sosai cikin 'yan sa-kan.

Ko a Japan da ke da kuɗi da kayan aiki, girgizar Kobe ta Janairun 1995 da ta kashe fiye da 6,000, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai maƙwabta da dangi ne suka zaƙulo su. Motocin ceto ba su da hanyar shiga a sa'o'in farko.

Saboda haka ka yi ta neman haƙƙi da murya mai ƙarfi, ina bayanka. Amma ka san gidan da ke da mai shanyewar jiki a layinku?

Sadiq: Gaskiya ban sani ba. Na san akwai wani dattijo da ba na ganinsa waje kwana biyu.

Malam Habu: Injiniya ka tuna min da tsibirin Simeulue na Indonesiya. Igiyar ruwan teku ta 26 ga Disamban 2004 ta kashe wajen mutum 230,000 a ƙasashe 14. Tsibirin nan yana kusa da inda girgizar ƙasar da ta tayar da igiyar ta faro, mutanensa sun haura 70,000, amma waɗanda suka mutu ba su kai goma ba. Dalili, a 1907 irin wannan igiya ta taɓa cinye kakanninsu, waɗanda suka rage suka sa wa abin suna, smong, suka riƙa gaya wa yara a hira da waƙar reno: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, kada ka tsaya tsintar kifi, ka hau tudu. Kusan shekara ɗari maganar na yawo daga kaka zuwa jika har ranar da aka buƙace ta. Ba na'ura, ba kuɗi. Sadiq, wannan shiri ne da talaka ke iyawa. Maman Ilham, daren nan da kika gani ilimi ne a hannunki: ta ina ruwan ya shigo, minti nawa ya ba ki, wace hanya ce ta toshe. Kada ki binne shi.

Sadiq: Na yarda da wannan Malam. Amma ina nan a kan bakata cewa in madatsa ta fashe saboda sakaci, sai an tambayi wanda aka ba amanarta.

Malam Habu: Ba wanda ya hana ka, wajibi ne ma. Ba sa karo da juna.

Usman D.: Sista, tambaya ta sake taso min. Kin ce gishiri na magani, amma na tuna lokacin Ebola an ce a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, daga baya aka ce ƙarya ne. Yaya abin yake?

Sista Rabi: Madalla da wannan tambaya. Rabin cokali a lita guda, tare da sukari, yana taimaka wa hanji ya tsotse ruwa. Ai ɗanɗanonsa bai kamata ya wuce na hawaye ba. Abin da aka yaɗa a Agustan 2014 a Najeriya kuwa gishiri ne barkatai, ba ruwansa da Ebola, aka yi ta kiran waya da asuba, mutane suka sha, aƙalla biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar, musamman masu hawan jini. A Iran a 2020 jita-jitar cewa barasa na kashe korona ta sa ɗaruruwa sun mutu da gubar methanol. Waɗanda suka tura saƙonnin nan ba maƙiya ba ne, masoya ne da tsoro ya kama.

Abin da ya tsayar da Ebola a Legas daban ne. Wani matafiyi ya sauka da ita daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta zargi cutar, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita kanta ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Ma'aikata suka bi ɗaruruwan mutanen da suka yi hulɗa da masu cutar, ana auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. A birni mai miliyoyin mutane, waɗanda suka kamu a ƙasar gaba ɗaya 20 ne, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana cutar ta ƙare. Ni a duk lokacin da gwiwata ta yi sanyi a wurin aiki, matar nan nake tunawa.

Ƙa'idata ga saƙon waya: in ya ce "tura wa kowa da gaggawa" kuma bai faɗi wace hukumar lafiya ce ta fitar ba, ya tsaya a kanka.

Hajiya Binta: To 'yata, ga alƙawarin da na yi. Bayan rasuwar maigida, wata maƙwabciyata da ba mu ma shaƙu ba ta riƙa kirana kullum bayan magariba. Ba wa'azi, ba nasiha. "Hajiya kin ci abinci? Kin sha maganinki?" Wani lokaci minti biyu. Na fara jiran kiran nan, daga nan na fara jiran gobe. Abu na biyu, na daina kwana da labarai. Na sa wa kaina lokaci, sau ɗaya da safe sau ɗaya da yamma, daga tashar da na amince da ita, sai in ajiye wayar. Zuciya ba a halicce ta ta ɗauki makokin duniya duka a kowace sa'a ba. Na uku, da na ɗan farfaɗo sai ni ma na ɗauki mutum biyu nake kira.

Ɗana likita ya gaya min zafin da aka yi a Faransa a Agustan 2003 ya kashe kusan mutum 15,000, mafi yawansu tsofaffi, da yawa su kaɗai a ɗaki ba mai leƙa su. Tun da na ji haka na san kaɗaici ma yana cikin abin da ke kisa, don yanzu ni ma ni kaɗai nake kwana.

Amma in faɗuwar gaban nan ta hana ki barci da cin abinci har makonni, ki je ki ga likita. Ni na je, ban ji kunya ba.

Maman Ilham: Hajiya kin sa ni hawaye. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa aljanna ce makomarsa. Akwai abin da ban faɗa ba. Ilham shekararta 7, tun daren nan in aka fara yayyafi sai ta shige bayana tana rawar jiki, har fitsarin kwance ya dawo mata. Ina ce mata ba komai, amma ta san ƙarya nake.

Sista Rabi: Kada ki yi mata faɗa kan fitsarin, yakan dawo wa yara bayan firgita kuma yakan wuce. Ki daina cewa ba komai, ta ga ruwan da idonta. Ki ce mata e, ya faru, mun tsorata, ga abin da za mu yi in ya sake zuwa. Ki ba ta aiki: ita ce mai riƙe tocila. Ku bi hanyar fita tare da rana tsaka har wurin da za ku haɗu in an rabu, ta haddace lambar wayarki. Lokacin barci da na makaranta su tsaya yadda suke. In wata biyu uku ba sauƙi, ku je tare.

Sadiq, game da jaka, ba sai an kashe kuɗi ba. Leda mai kauri, a sa takardun haihuwa da na makaranta da katin rigakafi, maganin mai hawan jini ko ciwon sukari na 'yan kwanaki, lambobin waya a rubuce a takarda don caji na ƙarewa, a rataye sama kusa da ƙofa. Da gidan sauro, don bayan ruwa ya kwanta zazzaɓi ke biyowa.

Malam Habu: Maman Ilham kin tambayi inda ake samo ƙarfin zuciya. Ni a damtsena nake ganin nawa. Akwai tabon lambar agana da aka yi min ina yaro. 'Ya'yana ba su da shi, ba su ma san cutar ba. Agana ta kashe wajen mutum miliyan 300 a ƙarni na 20 kaɗai, ta makantar da wasu, ta ɓata fuskoki. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibiti a garin Marka na Somaliya, a 1977. Ya guje wa allurar ne don tsoro. Ya warke, a 1980 aka ayyana cutar ta gushe daga duniya. Shi kuma daga baya ya shiga aikin rigakafin shan inna, yana ba iyaye labarin kansa don kada su yi irin kuskurensa, yana kan wannan aiki zazzaɓin cizon sauro ya yi ajalinsa a 2013. A Agustan 2020, ana tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Kakata ta rasa 'ya'ya uku a agana. Da an ce mata jikokin jikokinta ba za su san sunan cutar ba, da ba ta yarda ba.

Baba Audu: Nawa tabon ma yana nan Malam. Na shafa shi yanzu.

Maman Ilham: Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na haɗa takardun a leda, Ilham ta karɓi tocila har ta gwada ta sau uku. Akwai wata tsohuwa a gidan da ke bayanmu, bara sai da gari ya waye aka tuna da ita, aka same ta a kan tebur. Garin ya fara duhu, bari in je in karɓi lambar jikanta kafin ruwan ya sauko.

Hajiya Binta: Ki gaishe ta. In kin dawo ki turo min lambarki ta gefe, zan kira ki bayan magariba.

Sadiq: Ni ma na leƙa dattijon, ashe ƙafa ce ta hana shi fita, mun yi da yaran layi biyu za mu ɗauke shi in ta kama. Wasiƙar koke ga hukuma kan magudanar ruwa kuma ina kan rubutawa, Injiniya zan turo maka ka duba. Sista, ina so in rubuta awon nan a kwali in raba. Shidan na gishiri ne ko na sukari?

Sista Rabi: Sukari 6, gishiri rabi, ruwa lita 1, cokalin shayi a shafe. Ka turo min hoton kwalin in gani kafin ka raba.